Teku Ne Ke Juya Iska, Ko Iska Ce Ke Juya Teku? Tambayoyi da Amsoshi Kan El Nino da 'Yan'uwansa

Duk bayan 'yan shekaru sai gidajen rediyo su ɗauki maganar El Nino: fari a kudancin Afirka, ambaliya a Peru, gobarar daji a Indunusiya. Yawanci akan ce ruwan teku ne ya yi ɗumi, a tsaya nan. Su kuwa masu gina samfurorin yanayi a kwamfuta sun haura shekara 40 suna ja-in-ja a kan abin da ke ƙarƙashin wannan ɗumi. Shin tekun ne ke kaiwa da komowa don kansa, ko iska ce ke ingiza shi? Amsar ita ke yanke nisan da hasashe zai iya hangowa, har da hasashen daminar da manomi ke jira a Katsina ko Maraɗi.

Wane irin kai-komo ake magana a kai?

Zafin saman teku a yankin ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ba ya zama daidai daga shekara zuwa shekara. Wata shekarar ya haura abin da aka saba, wata ya sauka, kuma in ya karkata gefe guda yakan yi watanni a can kafin ya dawo. Mafi girma shi ne na Tekun Pasifik. In ruwan tsakiya da gabashinsa ya yi ɗumi, El Nino ke nan. In ya yi sanyi fiye da kima, La Nina. Yakan zagayo cikin shekara 2 zuwa 7, ya kai ƙololuwa tsakanin Nuwamba da Janairu. Hukumar NOAA mai kula da yanayi da teku ta Amurka tana sa ido a kan wani yanki da ake kira Nino 3.4, kuma ma'auninta shi ne zafin wurin ya wuce na al'ada da rabin digiri, ya daɗe a haka watanni a jere. A manyan shekarun, wato 1982-83 da 1997-98 da 2015-16, ƙarin ya haura digiri 2.

Tekun Indiya yana da nasa, inda yamma ke ɗumi gabas na sanyi, ko akasin haka. Tekun Atlantika ma yana da ƙaramin Nino nasa a Mashigin Tekun Gini, wanda ke tashe daga Yuni zuwa Agusta, daidai tsakiyar daminarmu.

Ta yaya iska za ta motsa tekun da zurfinsa ya kai kilomita 4?

Ba duka take motsawa ba. Aikinta ya tsaya a mita 100 zuwa 200 na sama. A yankin zafi ruwan ɗumi yana kwance ne a bisa ruwan sanyi, tsakaninsu kuma akwai wata siririyar iyaka inda zafi ke faɗuwa da sauri, wadda zan riƙa kira shamaki.

Hanya ta farko ita ce turi. Iskar gabas da ke kaɗawa a kan Pasifik kusan shekara duka tana kora ruwan ɗumi yamma, ta tara shi wajen Indunusiya. A can shamakin yana nutsewa zuwa mita 150 ko 200, saman tekun ma ya fi na gefen Amurka ta Kudu tudu da kusan rabin mita. A gabas kuwa, kusa da Ekwado da Peru, shamakin yana wajen mita 50 kacal, don haka ruwan sanyi ke ɓulɓulowa sama ɗauke da abincin kifi. Da wannan ɓulɓulowa ta raunana a 1972, ga kuma kamun da ya riga ya wuce kima, sana'ar kifin Peru, wadda ita ce kan gaba a duniya a lokacin, ta durƙushe.

Hanya ta biyu ita ce musayar zafi. Iska mai ƙarfi tana kwashe tururi daga saman ruwa ta sanyaya shi. In ta lafa, ruwan ya yi ɗumi. Girgije yana tare hasken rana, rashinsa yana buɗe wa rana hanya. Wannan hanya ba ta bukatar ruwan ya gusa ko da taku ɗaya. A riƙe bambancin hanyoyin nan biyu, domin a kansa duk gardamar take.

Wa ya fara gane cewa iska da teku suna aiki tare?

Daga Indiya aka faro. Bayan damina ta ƙi a 1899 yunwa ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, an ɗauko wani masanin lissafi ɗan Ingila, Gilbert Walker, ya shugabanci hukumar yanayin ƙasar daga 1904. Cikin bin diddigin alƙaluman tashoshi daga sassan duniya, ya lura a shekarun 1920 cewa in nauyin iska ya ƙaru a gabashin Pasifik, yakan ragu a wajen Indunusiya da arewacin Ostareliya, sannan abin ya juya. Har yau ana auna wannan da bambancin nauyin iska tsakanin tsibirin Tahiti da ke Pasifik da garin Darwin na arewacin Ostareliya. Walker bai kawo teku cikin lissafinsa ba sosai. A wajensa maganar iska ce.

Jacob Bjerknes, ɗan Norway da ke koyarwa a Kalifoniya, shi ya ɗinke ɓangarorin a 1969. Ya nuna cewa sanyin gabas da ɗumin yamma su ke ƙarfafa iskar gabas, iskar gabas kuma ita ke riƙe da sanyin gabas da ɗumin yamma. In iskar ta ɗan yi rauni, ruwan ɗumi zai kwararo gabas, bambancin zafi ya ragu, iskar ta ƙara rauni, ruwan ya ƙara kwararowa. Ƙaramin abu ya isa ya girma ya zama El Nino. Abin da Bjerknes bai warware ba shi ne me ke fara ta da abin, kuma me ke tsayar da shi.

Mene ne haɗaɗɗen samfuri?

Manhaja ce da ke yanka iskar duniya da tekunanta zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, ta riƙa lissafa yadda zafi da laima da motsi ke wucewa daga akwati zuwa akwati, mataki-mataki. Akwai samfurin iska zalla, wanda ake ba shi zafin teku a shirye. Akwai na teku zalla, wanda ake ba shi iska a shirye. A haɗaɗɗen, ba wanda ake shirya wa komai: ɓangaren iska yana miƙa wa teku turi da zafi da ruwan sama, teku ya mayar masa da zafin samansa, haka suke yi na ɗaruruwan shekarun kwamfuta. Syukuro Manabe da Kirk Bryan ne suka gina na farko a 1969 a wata cibiya da ke Princeton a Amurka.

El Nino na 1982-83 ya shammaci masana, sai da ya yi nisa aka farga. Wannan ya zaburar da su. A 1986 Mark Cane da Stephen Zebiak na Jami'ar Columbia suka yi amfani da wani ɗan ƙaramin haɗaɗɗen samfuri na Pasifik kaɗai suka ce El Nino na tafe, kuma ya zo. Amfanin samfuri a wannan muhawara ya wuce hasashe. A cikinsa ana iya kashe wani ɓangare na duniya a ga abin da zai rage, abin da ba mai iya yi wa tekun gaske.

In suna ƙarfafa juna, me ke hana El Nino dawwama?

Shi kansa yake cinye guzurinsa. Klaus Wyrtki na Jami'ar Hawaii, wanda ya yi ta auna tudun teku a tsibiran Pasifik tun shekarun 1970, ya ga cewa kafin El Nino ruwan ɗumi kan taru a yankin ikwaita, bayansa kuma sai a tarar ya ragu. A 1997 Fei-Fei Jin ya zuba wannan cikin lissafi. Lokacin El Nino, sauyin iska yana kwashe ruwan ɗumi daga ikwaita zuwa arewa da kudu. Shamaki ya taso sama a duk faɗin tekun, ruwan sanyi ya sami hanya, sau da yawa har a zarce zuwa La Nina. Lokacin La Nina kuma iska tana sake tara ɗumin a hankali. Cikawa da juyewar nan suna cin shekaru, kuma su ne ajiyar da teku ke yi, wadda iska ba ta da irinta.

To ina gardamar take, tunda an san duk wannan?

A kan ko wannan zagaye yana iya riƙe kansa. A ɗauki yara biyu a kan lilo. Babban ya iya da kansa, yana miƙe ƙafa yana naɗewa, ba ya neman kowa. Ƙaramin sai an tura shi, in an daina lilon ya lafa. A duka biyun tsawon igiya ne ke yanke saurin kai-komo, amma nisan da ƙaramin zai kai ya dogara ga masu turawa, su kuwa ba su da tsari: wani ya tura da ƙarfi, wani ya tura ta gefen da bai dace ba.

Samfurin Cane da Zebiak irin na babban yaron ne. Ba ya bukatar hargitsin iska na yau da kullum kafin ya samar da El Nino da La Nina. In haka duniya take, ana iya hango abin shekaru kafin ya zo, muddin an auna teku da kyau.

Ɗaya ra'ayin ya samo tushe daga Klaus Hasselmann na Hamburg a Jamus. A 1976 ya nuna cewa abu mai saurin canzawa kamar iska, in yana ta dukan abu mai nauyin jiki kamar teku, to mai nauyin zai tara dukan ya mayar da shi sauyi mai tsawo. Mita 3 na saman teku suna iya riƙe zafi daidai da dukkan iskar da ke bisansu. Saboda haka guguwowin mako guda, in suka yi ta faɗowa gefe ɗaya bisa dace, suna iya barin tabon da zai yi shekara. Wannan tunani yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021, tare da Manabe. A tsakiyar shekarun 1990 Cécile Penland da Prashant Sardeshmukh suka gwada shi a kan alƙaluman Pasifik na gaske, suka ga za a iya bayyana yawancin halin El Nino a matsayin zagaye mai lafawa wanda iska ke ta farfaɗo da shi.

Ni dai hujjojin sun fi karkatar da ni ga cewa Pasifik yana dab da iyakar biyun. Teku ne ke yanke tazarar shekaru, shi ke kuma shirya fage. Amma ko El Nino zai zo bana ko baɗi, ko zai zama ƙato ko ɗan ƙarami, sau da yawa iskar 'yan makonni ce ke yanke hukunci.

An taɓa ganin haka a tekun gaske?

An gani, kuma an auna. Bayan abin da ya faru a 1982 aka ɗaure na'urorin awo kusan 70 a faɗin Pasifik, aikin da aka kammala a 1994, suna aiko da zafin ruwa har zuwa zurfin mita 500.

A yammacin Pasifik akan sami 'yan kwanaki, mako ɗaya zuwa uku, da iska ke juyawa ta kaɗa daga yamma da ƙarfi. Sau da yawa tana zuwa ne tare da wani gungun hadari da ke tasowa daga Tekun Indiya ya nufi gabas duk kwana 30 zuwa 60, wanda Roland Madden da Paul Julian suka gano a 1971. Kowane irin wannan bugu yana danna shamaki ƙasa, dannawar kuma ta bi ikwaita ta yi gabas a matsayin igiyar ƙarƙashin ruwa da ake kira igiyar Kelvin. Tana tafiyar mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, ta ƙetare tekun cikin wata biyu zuwa uku. In ta isa gabas sai ta toshe ɓulɓulowar ruwan sanyi. Daga ƙarshen 1996 zuwa farkon 1997 aka yi irin wannan bugu a jere, El Nino ya taso da saurin da ya wuce tsammanin samfurorin lokacin.

Shekarar 2014 ta fi koyar da darasi. A farkonta iskar yamma ta buga da ƙarfi, ƙatuwar igiyar Kelvin ta ƙetara, har ana ta kwatanta shekarar da 1997. Sai a wajen Yuni iskar gabas ta yi wani bugu mai ƙarfi ƙwarai, iskar yamma kuma ta ɗauke. Abin ya tsaya cak. Ɗumin da aka tara bai juye ba, ya kwana a tekun. A Maris na 2015 iskar yamma ta dawo, tare da guguwar Pam da ta ragargaza tsibiran Vanuatu a Pasifik, aka sami ɗaya daga cikin El Nino mafi girma a tarihin awo. Teku a shirye yake duka shekarun biyu. Iskar ce ta bambanta.

Wani abin lura: bugun iskar yamma ba zallar dace ba ne. Yakan yawaita in ruwan ɗumi ya riga ya miƙa gabas. Wato tekun yana da hannu a cikin iskar da ke ingiza shi.

Ta yaya ake raba aikin iska da na teku a cikin samfuri?

Gwajin da ya fi ta da ƙura shi ne na cire wa teku motsi. Akan maye gurbinsa da shimfiɗar ruwa mai zurfin kamar mita 50, wadda ba ta gudu, ba ta ɓulɓulowa, ba ta da shamaki ko igiyar Kelvin. Iyakacinta ta karɓi zafi ta bayar. Bisa bayanin Bjerknes, bai kamata a ga komai ba.

A 2011 Amy Clement ta Jami'ar Miami da abokan aikinta suka duba samfurori da dama masu irin wannan teku, suka tarar da sauyin nauyin iskar nan na Walker yana nan, tare da ɗumi da sanyin gabashin Pasifik. Abin da ke ɗauke da shi shi ne hanya ta biyu: iska ta lafa, tururi ya ragu, ruwa ya yi ɗumi, ɗumin ya ƙara lafar da iska, ƙananan gizagizai su watse rana ta ƙara shiga. Amma akwai abin da ya ɓace. Babu tazarar shekara 2 zuwa 7, babu saurin juyawa daga ɗumi zuwa sanyi. Wannan kason na motsin teku ne.

Ta wannan hanyar ta zafi ne kuma iskar da ke nesa da ikwaita ke tsoma baki. Guguwowin hunturu a arewacin Pasifik suna raunana iskar gabas a wajen Hawaii, su bar tabon ɗumi, tabon ya yi ta rarrafowa kudu maso yamma har ya iso ikwaita a bazara ya taimaka wajen ta da El Nino.

Yaya lamarin yake a Atlantika, tekun da ke ba mu damina?

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Kowace shekara daga wajen Afrilu iskar kudu maso gabas tana ƙarfi a Mashigin Tekun Gini, ruwan ikwaita ya yi sanyi da digiri da dama kafin Agusta. A lokacin ƙasar Sahara tana tafasa. Bambancin da ke tsakanin sanyin teku da zafin ƙasa shi ke jan iska mai laima zuwa arewa, kuma a wajen ƙarshen Yuni cibiyar ruwan sama kan yi tsalle daga gaɓar teku ta koma cikin ƙasa. A shekarar da sanyin bai kankama ba, wato shekarar Nino na Atlantika, jan yana raguwa. Ruwa ya yi yawa a gaɓa, daga Kwaddibuwa zuwa kudancin Nijeriya, Sahel kuma sau da yawa ya samu ƙasa da rabonsa. Ɗaya daga cikin sanannun shekarun Nino na Atlantika ita ce 1984, shekarar farin da Sahel bai manta da ita ba.

Zebiak ya nuna tun 1993 cewa tsarin Bjerknes yana aiki a Atlantika, sai dai ba shi da ƙarfin riƙe kansa. Tekun ƙunci ne da shi, faɗinsa a ikwaita kusan kashi ɗaya bisa uku na Pasifik, ga nahiyoyi biyu suna matse shi. Dole wani ya riƙa ingiza shi.

A 2015 wani masani ɗan Nijeriya, Hyacinth Nnamchi na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da abokan aikinsa suka yi irin gwajin shimfiɗar ruwa a kan Atlantika. Suka sami cewa hargitsin iska da musayar zafi kaɗai suna iya samar da kusan kashi biyu bisa uku na sauyin da ake gani. Wasu masu binciken ba su yarda ba. Sun ce samfurorin da aka yi amfani da su ba su iya zana shamakin gabashin Atlantika daidai ba, don haka dole su raina aikin teku, kuma bincikensu na alƙaluman awo ya nuna ɓulɓulowa da gudun ruwa suna da babban kaso. Ban ga wanda ya kayar da wani gaba ɗaya ba. Amma ko a wajen masu kare teku, iskar yammacin Atlantika ta watannin Afrilu da Mayu ita ce ke buɗe ƙofa, ita kuwa ba a iya hango ta da nisa. Shi ya sa hasashen Nino na Atlantika ba ya wuce 'yan watanni kaɗan, alhali na Pasifik yana kai wata shida ko fiye.

Tekun Indiya fa?

A 1999 aka bayyana kai-komonsa, ta hannun masana a Japan da Amurka. Iskar kudu maso gabas a gaɓar tsibiran Sumatra da Java na Indunusiya ce ke ta da shi, ya yi ƙarfi daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan ya mutu in iskar damina ta juya. Sau da yawa El Nino ne ke kunna shi, kamar a 1997 da 2023 da ambaliya ta ci Somaliya da Kenya. Amma na 2019, mai tsananin ƙarfi, ya zo ba tare da wani babban El Nino ba, kuma samfurorin da aka kashe wa El Nino da gangan suna samar da shi duk da haka.

Teku ne ya jawo farin shekarun 1970 da 1980 a Sahel?

A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, za ta riƙa mayar da hasken rana, ruwa ya ragu. An ɗauki wannan an ɗora wa makiyaya da masu saran itace laifin fari na shekaru. Samfurori ne suka sauke musu yawancin wannan kaya. A 1986 Chris Folland da abokansa a Ingila suka danganta farin da bambancin zafi tsakanin tekunan arewa da na kudu, wato na arewa sun yi sanyi in an gwada da na kudu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba samfurin iska zafin teku na gaske daga 1930 zuwa 2000, ba tare da sauya komai a doron ƙasa ba, sai ga damunan albarka na shekarun 1950 da farin da ya biyo baya sun fito. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, amma ba ita ta kira shi ba.

To me ya sanyaya arewacin Atlantika a lokacin? Nan ma gardamar nan ce ta dawo. Wasu sun ce babban gudun ruwan Atlantika ne ya yi rauni. Clement a 2015 ta nuna samfurori masu teku marar motsi suna samar da irin wannan sauyi na gomman shekaru. Wasu kuma sun nuna hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare rana a arewa kafin a kafa dokokin rage shi. In wannan na ƙarshe yana da kaso mai yawa, kuma akwai hujjoji masu ƙarfi cewa yana da shi, to an zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

Samfurorin nan abin dogaro ne?

Suna da kurakuran da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa. A Pasifik, yawancinsu suna miƙa ruwan sanyi yamma fiye da kima, suna kuma zana layin ruwan sama biyu inda ɗaya ya kamata ya yi rinjaye. A Atlantika abin ya fi muni: ruwan gaɓar Angola da Namibiya yakan fito da ɗumin da ya wuce na gaske da digiri da dama, a wasu ma gabas ya fi yamma ɗumi, akasin yadda yake. Da aka bi sawun kuskuren, an tarar wani babban ɓangarensa yana nan tun kafin a haɗa iska da teku. Samfurin iska ne ke raunana iskar gabas a ikwaita a bazara, teku ya karɓa ya ninka.

Tushen matsalar girgije ne. Akwatin samfuri yana kai kilomita 100 a faɗi, hadarin tsawa kuwa 'yan kilomitoci ne, don haka ƙiyasta shi ake yi. Duk da haka ba na ganin wannan dalilin watsi da su ne. Inda samfurori daga cibiyoyi daban-daban suka yarda da juna kuma awo ya goya musu baya, akwai abin riƙewa.

Me ya sa hasashen damina ke zuwa da "mai yiwuwa"?

Saboda kason iska. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin bambanci a farko yana girma har ya sauya komai, shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu. Masu hasashen yanayi sukan gudanar da samfuri ɗaya sau da yawa, kowanne da ɗan bambanci a farko da bai kai a auna ba. Abin da duka suka yarda a kai, teku ne ya tilasta shi. Abin da suka rabu a kai, hargitsin iska ne. In bakwai cikin goma suka ce damina za ta yi kyau, haka za a faɗa, kuma sauran ukun ba ƙarya suke ba.

Akwai kuma rashin dace na lokaci. Daga Maris zuwa Mayu bambancin zafi tsakanin gabas da yammacin Pasifik yana kan mafi ƙaranci, don haka ƙaramin bugun iska ya isa ya juya akalar shekara. Hasashen da ya ratsa waɗannan watanni shi ne mafi rauni. A daidai nan kuma muke bukatarsa: hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da nata a farkon shekara, cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai kuma suna tara masanan yankin dab da faɗuwar ruwa. Saboda haka sabuntawar da ke biyo baya a Mayu da Yuni ta fi ta farkon nauyi, kuma ita ce ba ta cika isa ga manomi ba. El Nino yana karkata Sahel ga ƙarancin ruwa, La Nina ga yalwa, amma karkata ce kawai. Ko Indiya, inda aka faro binciken, ta sami damina daidai misali a 1997.

Abin da ke hannun mutane shi ne awo. Tun 1997 Barazil da Faransa da Amurka ke kula da jerin na'urorin PIRATA a Atlantika, wasu a Mashigin Tekun Gini. Ƙasashen da daminarsu ta rataya a kan wannan ruwa ya kamata su kasance cikin masu ɗaukar nauyinsa.

Ɗumamar duniya za ta sauya wannan lissafi?

Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce sauyin ruwan sama da ke bin El Nino da La Nina zai ƙara tsanani in aka ci gaba da fitar da hayaƙi mai yawa, domin iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima. A kan ƙarfin El Nino kansa samfurorin sun rabu.

Akwai kuma saɓani tsakaninsu da awo. Yawancinsu suna cewa gabashin Pasifik zai fi yamma saurin ɗumama, iskar gabas ta yi rauni. Amma daga wajen 1980 zuwa yanzu akasin haka aka auna: yamma ya yi ɗumi, gabas bai yi ba, iskar ta ƙara ƙarfi, har aka yi La Nina shekara uku a jere daga 2020 zuwa farkon 2023, lokacin da damina biyar a jere suka gaza a Somaliya da sassan Habasha da Kenya. Masu ganin hargitsin iska na iya jan teku gefe guda na gomman shekaru suna cewa abin zai juya. Masu ganin kuskuren samfuri ne suna nuna matsalar ruwan sanyin nan da gizagizai. Game da Sahel, yawancin samfurori suna ba tsakiya da gabas, wato yankin Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, ƙarin ruwa mai zuwa da ƙarfi musamman a ƙarshen damina, suna kuma ba Senegal da yammacin Mali raguwa a farkonta.